Idan gwamna ya fita roƙon ruwa, ibada yake yi ko siyasa?

Wani ɗan'uwa ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Malam, ruwa ya ɗauke a wajenmu kusan mako uku, masara ta naɗe ganye, sai aka yi shela cewa manyan gwamnati za su fita filin idi roƙon ruwa. Abokina ya ce yaudara ce kawai, 'yan siyasa ne ke neman suna, ya ce ƙasashen da suka ci gaba ba sa irin wannan. Ni kuma zuciyata ba ta yarda a raina addu'a ba. Wane ne mai gaskiya a cikinmu?"

Ɗan'uwa, Allah Ya shayar da mu. Na yi shekaru ina aikin malamin gona kafin in koma koyarwa, na kuma zauna gaban malamai na karanta babin nan na roƙon ruwa tun ina yaro, don haka tambayarka ta taɓo ni ta fuska biyu.

Bari in fara da gyara wa abokinka zance ɗaya, domin a nan ya yi kuskure. Shugabannin ƙasashen da yake nufi suna yi. A ranar 13 ga Nuwamba 2007, gwamnan jihar Jojiya a Amurka, Sonny Perdue, ya tsaya a bakin ginin majalisar jihar a birnin Atlanta tare da limaman coci da ɗaruruwan mutane, suka roƙi Allah ruwa. A lokacin tafkin Lanier, wanda Atlanta ke sha daga gare shi, yana ta janyewa, an hana ban ruwan fulawa da ciyawar ƙofar gida a arewacin jihar, ga kuma shari'a tsakanin Jojiya da maƙwabtanta Alabama da Fulorida a kan rabon ruwan kogi. A shekarar ce kuma firaministan Ostareliya, John Howard, ya ce wa mutanensa su yi addu'ar samun ruwa. A watan Afrilun 2011 gwamnan jihar Teksas a Amurka, Rick Perry, ya fitar da sanarwa a hukumance, ya keɓe kwana uku, daga 22 zuwa 24 ga watan, domin mabiya kowane addini su roƙi ruwa. Gwamnan jihar Yuta, ita ma a Amurka, Spencer Cox, ya yi irin wannan kira a watan Yunin 2021. Duk inda sama ta rufe, ɗan'adam yakan ɗaga kai, ko yana da tauraron ɗan'adam ko ba shi da shi.

Amma shakkar abokinka ba ta fito daga banza ba, kuma labarin Teksas ya isa a tsaya a kansa. Bayan kwana ukun nan fari bai sassauta ba, ƙaruwa ma ya yi. Watanni goma sha biyu daga Oktoban 2010 zuwa Satumban 2011 su ne mafi bushewa da aka taɓa rubutawa a jihar. An ƙiyasta asarar manoma da makiyaya da fiye da dala biliyan 7. A farkon Satumba gobarar daji ta tashi a yankin Bastrop ta cinye gidaje sama da 1,600. Ni ba na kafa hujja da wannan in ce addu'a ba ta da amfani, domin mai roƙo ba shi ke yanka wa Ubangiji lokaci ba. Abin da ya ɓata wa mutane rai daban ne. A shekarar ce majalisar jihar ta zaftare tallafin da ake ba 'yan kwana-kwanan sa-kai, waɗanda su ne ke kashe gobara a ƙauyuka. Gwamnan da kansa yana fitowa yana nuna shakka kan binciken masana game da ɗumamar yanayi. Sannan a ranar 6 ga Agusta ya jagoranci babban taron addu'a a filin wasa na birnin Houston, bayan mako guda ya shelanta cewa yana neman shugabancin Amurka. Wanda ya ga wannan jerin ya ce akwai siyasa a ciki, ba za ka ce ya yi ƙage ba. Adalci kuma shi ne a faɗi ƙarshen zancen: a 2013 gwamnan ya goyi bayan a ciri dala biliyan 2 daga asusun ajiyar jihar a kafa gidauniyar ayyukan ruwa, jama'a suka amince a ƙuri'ar Nuwamba. Sai da aka ji jiki tukuna.

A Amurka gardamar takan karkata ga tsarin mulki: shin ya halatta mai riƙe da muƙamin gwamnati ya kira mutane ga ibada? Ranar da Perdue ke addu'a akwai masu zanga-zanga a kusa suna cewa bai halatta ba, kuma wata ƙungiya ta kai Perry kotu kan taron Houston, alƙali ya kori ƙarar. Mu a nan ba wannan ce damuwarmu ta farko ba, ko da yake sashe na 10 na tsarin mulkin Nijeriya ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa. Manomin da geronsa ke ƙonewa ba zai yi fushi don gwamna ya yi salla ba. Abin da ya kamata dai gwamna ya kiyaye shi ne, gonar Kirista da gonar Musulmi fari ɗaya ya kama su, don haka kiran ya game kowa, kowa ya roƙa a wurin ibadarsa. Malaman Malikiyya ma tun da daɗewa sun ce idan za a fita roƙon ruwa ba a hana Ahlul Kitabi fitowa.

To, a addininmu, fitar shugaba ba baƙon abu ba ne. Aikinsa ne. Mutane sun kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kukan rashin ruwa, ya sa musu rana, ya fita da su. Wata Juma'a kuma yana cikin huɗuba wani baƙauye ya miƙe ya ce dukiya ta halaka, hanyoyi sun yanke, a roƙa musu Allah. Ya ɗaga hannu, aka yi ta ruwa har Juma'a ta zagayo, sai da aka dawo ana roƙon a janye shi zuwa gefen gari. A Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an siffanta sallar: a fita da hantsi, raka'a biyu a bayyane, babu kiran salla babu iƙama, sai huɗuba, sannan liman ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, na kafaɗar dama ya koma hagu, maza su ma su juya nasu. Imamu Abu Hanifa yana ganin addu'a da istigfari sun wadatar ko ba a yi salla ta musamman ba, sauran malamai suna ganin sallar sunna ce. Har yau a Saudiyya daga fadar sarki ake fitar da sanarwar ranar, a Maroko ma sarki ne ke ba da umarni.

Sai dai duk wanda ya karanta babin da idon basira zai ga cewa an gina shi ne domin ya sauke mai girma daga kan girmansa. Ba a fita da kayan ado, da tufafin aiki ake fita. A Malikiyya liman ba ya hawa mumbari, a ƙasa yake tsayawa. Inda ake kabbara a huɗubar idi, a nan istigfari ake yi. Kafin ranar kuma ana umartar mutane da tuba, da sadaka, da mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu. Wannan na ƙarshen shi ne wanda nake so ka riƙe. Wa ke riƙe da haƙƙin mutane fiye da mai mulki? Albashin da ba a biya ba, fanshon tsoho, filin da aka ƙwace, burtalin da aka sayar, kuɗin gyaran dam da aka fitar a takarda ba a gani a ƙasa ba. Hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito ya ambaci laifin da ke jawo a hana ruwa, wato hana zakka, ya kuma ce masu tauye mudu da ma'auni ana kama su da fari da tsananin rayuwa da zaluncin shugaba. Laifuffukan masu abin hannu ne da masu kasuwa. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na je filin roƙon ruwa na ji an ɗora dukan laifi a kan suturar 'yan mata da askin samari, ga mai ɓoye hatsi zaune a sahun gaba babu wanda ya kalle shi. Gyaran tarbiyya wajibi ne, amma wa'azin da ya tsallake mai ƙarfi ya dira kan mai rauni bai bi nassin ba.

Masu tarihin Andalus, wato Sifen ta zamanin mulkin Musulmi, sun kawo labarin Halifa Abdurrahman an-Nasir na Ƙurɗuba. An yi fari, ya aika wa alƙali Munzir ɗan Sa'id cewa ya fita da mutane. Kafin alƙalin ya fita sai ya tambayi ɗan saƙon halin da ya baro halifa. Ɗan saƙo ya ce bai taɓa ganinsa cikin ƙanƙan da kai irin na yau ba, ya keɓe kansa, ya sa tufafi masu kaushi, yana zaune a kan turɓaya yana kuka yana faɗin laifuffukansa. Sai alƙali ya ce wa yaronsa ya ɗauko rigar ruwa, domin idan mai iko a ƙasa ya ƙasƙantar da kai, Mai iko a sama zai yi rahama. Ka lura, malamin bai tambayi yawan jama'ar da suka taru ba. Halin shugaba ya tambaya.

Babu dai misalin da ya kai na Sayyidina Umar a shekara ta 18 bayan Hijira, shekarar da ake kira ta toka saboda yadda ƙasar Hijaz ta bushe iska na ɗaukar ƙura kamar toka. Kowa ya san ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas, baffan Annabi, ya yi addu'a. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne watannin da suka gabaci wannan rana. Mutanen karkara sun kwararo Madina, ya sa aka kafa tukwane ana dafa musu, ya naɗa masu kula da kowane gefe na gari, ana ƙidaya masu ci. Ya rubuta wa gwamnoninsa neman agaji, Abu Ubaida ya iso daga Sham da ayarin raƙuma ɗauke da abinci. Ya jinkirta karɓar zakkar dabbobi a shekarar. Ya dakatar da yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata. Ya haramta wa kansa man shanu da nama, ya koma gurasa da man zaitun har fatarsa ta sauya, cikinsa na ƙugi yana ce masa ba shi da wani abu sai wannan har mutane su farfaɗo. Bayan an buɗe Masar kuma aka sake haƙa tsohuwar hanyar ruwa daga kogin Nilu zuwa Bahar Maliya domin jiragen hatsi su riƙa isa Hijaz. Mutumin da ya yi duk wannan, idan ya ɗaga hannu a gaban jama'a, babu mai tambayar ko siyasa yake yi.

Ga abin da ni na fahimta bayan shekaru ina kallon wannan al'amari. Ranar da shugaba ya kira roƙon ruwa, ya yi iƙirari ne a bainar jama'a cewa akwai fari a ƙasarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu mulki ba su son furta kalmar. A ƙasar Sifen, shekaru aru-aru, manoma ne ke kai kuka ga majalisar gari, majalisa ta nemi coci ta fita roƙon ruwa, ta biya kuɗin hidimar, ta rubuta a littafi. Gwargwadon tsananin fari gwargwadon girman fitar. Yau masana tarihin yanayi suna buɗe waɗannan littattafai su gano shekarun da aka yi fari tun kafin a fara auna ruwan sama ana rubutawa a ƙasar. Wato roƙon ruwa na hukuma shaida ce rubutacciya. Wanda ya ba da shaida kuwa ya ɗaure kansa. Ba zai ce gobe bai sani ba. Saboda haka ni ina maraba da fitar gwamna, na fi son ta a kan shirunsa, domin daga ranar talaka ya samu bakin tambaya: ranka ya daɗe, kai da kanka ka ce akwai fari, ina irin da za mu sake shukawa? Me ke cikin rumbun gwamnati?

'Yan'uwanmu na Nijar sun fi kowa sanin abin da musun fari ke jawowa. Farin farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi ba iyaka, ya tarwatsa makiyaya, kuma zargin karkatar da hatsin agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilu 1974. A 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na shekarar da ta gabata, yara na kwance a cibiyoyin tamowa a Maraɗi da Damagaram, shugaba Tandja Mamadou yana cewa babu yunwa a ƙasar. Shugaban da ya fito fili ya ce mu tuba mu roƙi ruwa, ko ba komai bai rufe ido ba. Kakanninmu ma ba su manta irin waɗannan shekaru ba, har suna suke ba su, kamar Kakalaba ta wajajen 1914.

Yanzu bari in sa hular malamin gona. Ruwanmu iskar damina ce ke kawo shi daga tekun Atilantika, tana hawowa arewa sannu a hankali, ta kai iyakarta a watan Agusta, ta juya. Tsayawar ruwa na kwana goma ko mako biyu a tsakiyar wannan tafiya abu ne da aka saba, kuma ana iya hango shi. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da lokacin saukar ruwa, da tsawon damina, da wuraren da ake tsoron tsayawarsa. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, ta ƙungiyar ƙasashen Sahel da aka kafa a 1973 saboda farin wancan lokaci, aikinta ke nan. Ma'ana, a mafi yawan lokuta takardar gargaɗi ta riga ta isa ofis watanni kafin manomi ya ga ganyen masararsa ya naɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Annabi Yusuf da ya fassara mafarkin sarkin Masar na shekara bakwai na fari, cewa ya yi a bar hatsi a zangarniyarsa a ajiye, ya kuma nemi a ba shi riƙon rumbunan ƙasa.

Wasu kan ce ai shugabanni duba hasashe suke yi, su sa ranar addu'a dab da zuwan hadari. An faɗi haka game da Perdue, domin an ɗan samu yayyafi washegari, kuma masu hasashe sun riga sun ambata shi. Farin Jojiya bai ƙare ba sai 2009. Ni ban ga aibu ba don an roƙi Allah alhali ana ganin alamar hadari, hadari nawa ya haɗu ya watse ba ɗigo? Aibin yana ga wanda ruwa zai sauka yaransa su hau Facebook suna cewa albarkacin mai gida ne. An fita ne a nuna babu mai iko sai Allah, sai a dawo ana raba wa ɗan'adam yabo. Wannan ya rushe ma'anar fitar tun daga tushe.

Akwai abin da ban manta ba. Wata shekara ina aiki a wata ƙaramar hukuma, ruwa ya sauka da wuri, mutane suka yi shuka, ya ɗauke. Gero ya tsiro ya mutu, an sake shuka ya sake mutuwa, irin da ke hannun mutane ya ƙare, wasu sun fara taɓa na ci. Muka rubuta muna neman iri mai saurin nuna. Aka fita roƙon ruwa, manya suka zo da jerin motoci, aka yi salla, na ga dattawa suna hawaye na gaske. Cikin ikon Allah kwana kaɗan ruwa ya dawo, mai albarka kuwa. Amma gonaki da yawa haka suka kwana babu abin binnewa. Irin da muka nema bai iso ba sai da lokacin shukar gero ya wuce. Allah Ya amsa, mu ne ba mu shirya karɓa ba. Tun daga ranar, idan na ji shelar roƙon ruwa, abin da ke fara zuwa raina shi ne ko akwai iri a sito.

Kuma ba a rasa waɗanda suka haɗa biyun ba. A Kano, zamanin Audu Baƙo aka gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, ga shi har yau manoman Kadawa da Kura suna noman rani da ita. A Maroko, farkon Fabrairun 2022 aka yi sallar roƙon ruwa a faɗin ƙasar da umarnin Sarki Muhammad na Shida, a cikin watan kuma aka sanar da shirin dirhami biliyan 10 na tallafa wa manoma da makiyaya, har da abincin dabbobi mai rahusa. A 2025, da fari ya ci garken ƙasar shekara bayan shekara, sarkin ya roƙi jama'a su haƙura da yanka layya a wannan shekarar domin tumaki su farfaɗo, talaka kuma kada ya ci bashi. Ba na cewa komai na mulkinsu daidai ne, amma wannan magana ce mai nauyi da shugaba ya ɗauka a wuyansa. Manoman Maraɗi da Damagaram kuwa ba su jira kowa ba: tun daga shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututturan gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, suna sassabe su bar 'ya'yan itacen su tashi, har aka ƙiyasta kadada miliyan 5 ta sake yin itatuwa. A yankin Tawa ana haƙa tassa, ƙananan ramuka da ake zuba wa taki, ruwa kaɗan ya taru a gindin shuka. Gonar da ke da waɗannan takan jure tsayawar ruwan da zai kashe ta maƙwabci.

Don haka, ɗan'uwa, ka fita. Ka sa tsohuwar rigarka, ka yi sadaka gwargwadon hali, in akwai wanda kake riƙe da haƙƙinsa ka mayar masa kafin ranar. Niyyar gwamna tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ba za ta ɓata taka sallar ba. Ka ja abokinka ku tafi tare, domin idonsa mai lura ne, za a buƙace shi bayan an shafa fatiha. Ku haɗu da manoman unguwarku da mai unguwa, ku je wurin kansila da malamin gona na yankinku, ku tambayi iri da taki da ranar da za a buɗe rumbu, ku kuma nemi a faɗa muku abin da hasashe ya ce game da sauran damina.

Game da gonarka kuma, ka duba masarar da sassafe kafin rana ta ɗaga. Idan ganyen ya warware cikin dare, tana da sauran rai, ka bar ta, kada ka zuba takin zamani sai ƙasa ta jiƙa, domin a busasshiyar ƙasa ƙona saiwa zai yi. Idan har da asuba a naɗe yake kuma zuciyar ta bushe, to ka fara neman irin wake mai saurin nuna tun yanzu, kafin kowa ya ruga kasuwa farashi ya tashi.